Abin da Alif Ya Cinye

A Trikania, idan ka tambayi gidan Samson Kazah sai a yi ta kallon juna. Ka ce Baba Fita, ko mai tallar gyaɗa za ta nuna maka. A masaƙa ya samo sunan, ɗaya daga cikin manyan masaƙun nan na Kakuri, inda ya yi aikin fita, wato mai haɗa injuna da gyaransu, tun yana saurayi sabon zuwa daga wajen Zonkwa har ranar da aka garƙama wa ƙofar kwaɗo. Yaran da aka haifa bayan rufe masaƙa ba su san wannan ba. Su a zatonsu sunan ya fito ne daga kalmar da ya fi faɗa wa duk wanda ya sa ƙafa cikin shagonsa ba izini. In za a faɗi gaskiya kuma, ba su yi nisa da daidai ba.

Shagon wata rumfar kwano ce a ƙofar gidansa, inda yake gyaran janareta da injin niƙa da famfon ban ruwa. Mutum ne mai tsami, amma mai gaskiya. Idan injinka ya mutu zai ce maka ya mutu, ba ya yi maka ta'aziyya, ba ya kuma yi maka ƙarya. Saboda wannan ne aka naɗa shi dattijon ikilisiya, saboda wannan ne kuma ba a cika zama kusa da shi a wajen biki ba.

Abin da ya fito da shi daga masaƙa bai wuce wani ɗan akwatin katako ba. A ciki akwai jerin taf, kowanne kwance a gurbinsa, daga siriri kamar tsinken tsire har mai kaurin babban yatsa. Taf wani ƙarfe ne mai kama da noti, sai dai an yi masa kwari uku a jiki, da shi ake yanka tiredi a cikin rami, wato zaren nan da noti ke bi ya shiga. Aikinsa na haƙuri ne: ka juya gaba kaɗan, ka dawo baya ya zubar da abin da ya ci, ka ɗiga masa mai, ka sake. Ya fi kowane bakin diril tauri, amma bai san lanƙwasa ba, in ka matsa masa sai ya karye. Juliana, matar Baba Fita, takan ce shi ya sa jininsu ya haɗu da mijinta.

Na cikin akwatin ma'aunin inci ne, irin na tsofaffin injunan Ingila da masaƙar ta yi aiki da su. Injunan yanzu kuwa kusan duk milimita ne, don haka yana da wasu taf ɗin na kasuwa da ya watsa a gwangwanin madara, da su yake aikin yau da kullum yana zaginsu. Na akwati sai ranar Asabar ya fito da su ya shafa musu mai, ya gaya wa duk wanda tsautsayi ya kawo cewa waɗannan su ne taf, sauran duk tarkace ne, kuma tun da yake bai taɓa karya ko ɗaya ba.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Friday. A rumfar nan ya girma. Uban ya koya masa kwance inji da ɗaure shi, ya koya masa jin ciwon inji da kunne, ya koya masa komai, sai taf. In aiki ya zo kan yanka tiredi, sai ya ce masa matsa, hannunka bai nuna ba. Friday ya yi gemu, ya auri Charity, suka haifi Debby, hannunsa bai nuna ba. Daga baya ya bar rumfar, ba da faɗa ba, don shi ba mai faɗa ba ne. Ya koma tuƙin jirgin yashi a bakin kogi ta bayan Kudenda, wajen Malam Zakariyya'u, wani Bazazzage mazaunin Makera mai kwale-kwale biyu masu inji. Charity kuma ta kafa teburin shinkafa da wake a nan bakin ruwan, tana sayar wa masu haƙar yashi da direbobin tifa.

Baba Fita yana son ɗan nan nasa so mai tsanani. Wannan sai an faɗa, domin shi bai taɓa faɗa ba.

A watan Agustan bara, kogi ya cika ya yi ja, Friday ya ɗauko lodi daga tsallake da leburori biyu. Suna tsakiyar ruwa injin ya yi zafi ya ɗauke. Ruwa ya juya jirgin ya ba shi gefe. Leburorin suka yi tsalle suka yi iyo, shi ya tsaya yana jan igiyar tayar da inji, yana ja, har jirgin ya kife da shi. Sai bayan kwanaki aka same shi can ƙasa, jirgin kuma aka tarar da shi maƙale a duwatsu, injin na nan ɗaure a bayansa.

Ba a gama zaman makoki ba magana ta fara yawo. Injin kwale-kwale yana da wani ɗan ruwa da yake tsartarwa ta baya, masu jirgi suna ce masa fitsari. Muddin yana fitsari sosai, famfon da ke sanyaya shi lafiya lau yake. Leburorin suka ce sun daɗe suna gaya wa Friday fitsarin injin nan ya ragu, ya ce su ƙyale shi, shi da hannunsa ya buɗe famfon ya sake masa roba. Daga nan kowa ya ɗora nasa. Aka ce ganganci ne. Aka ce ɗan makaniki ne a baki kawai, ya kashe kansa, saura kaɗan ya tafi da 'ya'yan mutane. Charity ta koma teburinta saboda ba yadda za ta yi, tana zuba wa mutum wake yana juya baya yana faɗin haka. Har Debby ta dawo daga makaranta ta tambayi kakarta mene ne ganganci.

Ranar da Baba Fita ya ji wannan tambayar ya sa takalmi, ya hau Keke har bakin kogi. Bai nemi wuri na gefe ba. A gaban teburin surukarsa, masu yashi na tsaye da kwanoninsu, ya ce wa Malam Zakariyya'u a kawo masa injin.

Malam Zakariyya'u mutumin kirki ne. Ya je gaisuwa har gida, ya zauna a kan benci cikin 'yan coci, bakinsa kuma bai taɓa furta kalma ɗaya a kan mamacin ba. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, a bar maganar nan. Kwanansa ne ya ƙare. Ni ban tuhumi kowa ba."

"Kai ba ka tuhuma ba, Malam, amma ga su nan suna ci suna tuhuma. Yaron nan a hannuna ya koyi aiki. In ya buɗe inji, ya rufe shi daidai. Zan buɗe, abin da na gani shi zan faɗa, kun san ni."

Sun san shi kuwa. Shi ya sa Charity ta ɗago kai ta dubi mutane a ido, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Washegari aka kawo injin a bayan a-kori-kura, duk laka. Ya wanke shi a hankali, kamar yadda ake yi wa marar lafiya wanka. Ya kwance ƙafar injin, ɓangaren da ke shiga ruwa, inda famfon yake. Murfin famfon noti huɗu ke riƙe da shi. Uku suka yi gardama irin ta notin da ya sha ruwa, suka fito. Na huɗun yana ɗora masa sifana kan notin ya faɗo a tafin hannunsa, ba ko ƙara.

Da farko har wani sanyi ya ji a ransa. Noti ya karye, murfi ya ɗaga, famfo ya yi ta zubar da ruwa, inji ya ƙone. Noti kuwa yakan karye don kansa, tsatsa da tsufa sun isa, ba laifin kowa ba ne. Ya ɗauko diril zai huda guntun da ya rage a rami ya zaro shi, aikin da ya yi ba adadi. Diril ya yi kuka, ya zame. Ya sake baki, ya sake dannawa. Bakin ya yi zafi ya dakushe, abin da ke cikin ramin ko gezau.

Noti ba ya yin haka. Noti ƙarfe ne mai laushi, diril cinsa yake kamar rogo. Ya ajiye, ya ɗauko allura ya tsattsage dattin ramin, ya busa, ya jawo ƙafar injin bakin rumfa inda hasken rana ya fi. Kwari uku ya gani. Sai ya juya kan notin da ke hannunsa. A ƙarƙashinsa akwai busasshen gam.

Ba sai an yi masa bayani ba, ƙarfen ya gama faɗa masa komai. Friday ya zo sake roba, noti ya karye masa, ya huda ya fitar, tiredin ya lalace, ya nemi taf zai gyara. Taf ya karye a ciki. Ya rasa yadda zai yi, ya ɗaure murfin da noti uku, ya manna kan na huɗun da gam don kada wanda ya buɗe ya ga rami.

Ya daɗe a zaune kafin ya iya tashi ya je ga akwatin, ko da yake ya riga ya san abin da zai gani. Gurbin taf ɗin kwata inci ba komai. Tun kafin damina ya ɓace. Ya tuna irin tijarar da ya yi a lokacin: ya hana Juliana barci da mita, ya zargi wani mai injin niƙa har suka daina gaisawa, ya ce duk wanda ya ɗauka Allah ya isa. Ran Lahadin da ya faɗi haka Friday na zaune a tsakar gida da Debby a cinyarsa, yana cin tuwo, kansa a ƙasa.

Kwata inci da milimita shida kamar wa da ƙane suke, ido ba ya raba su. In ka sa na inci a ramin milimita zai shiga juyi biyu ko uku lafiya, har ka ji daɗi, sannan ya cije. Wanda ya saba, yatsunsa za su gaya masa ya tsaya. Wanda bai saba ba sai ya ƙara ƙarfi. Ga na milimita nan a gwangwanin madara, a buɗe, ba mai hana shi ɗauka. Amma yaron da ya tashi yana jin cewa na gwangwani tarkace ne, ranar da ya so yin aikin kirki ina zai kai hannu? Baba Fita ya rufe akwatin. Baƙin cikin da ya ji ranar da aka kawo gawa daban, wannan daban. Wancan ya zo da mutane da waƙoƙi, wannan shi kaɗai ya samu.

Hanya biyu ya sani ta fitar da karyayyen taf. Akwai ta ƙarfi: ka sa siririn ƙarfe a kwarinsa kana bugawa a hankali yana juyawa baya, in ka yi sa'a ya fito ɗungurungum, kowa ya gani ya san mene ne. Akwai kuma wadda wani tsohon fita ya nuna masa a masaƙa. Alif, wannan da mata ke jefawa a ruwan rijiya don laka ta kwanta, in aka dama shi da kauri aka ɗumama, yana cin baƙin ƙarfe amma ba ya taɓa alminiyam. Ƙafar injin kuwa alminiyam ce. Sai dai abin da alif ya ci ba ya barin ko ɓurɓushin da za a nuna wa wani.

Ya shiga gida ya tambayi Juliana ko tana da alif. Ta dube shi, don bai taɓa tambayarta komai na kicin ba, ta miƙo masa ƙulli a leda.

Ya kwaɓa yumɓu ya yi wa ramin ɗan gewaye kamar bakin rijiya, ya zuba ruwan alif, ya tura kaskon gawayi kusa yadda zai yi ɗumi ba tare da ya tafasa ba. Can sai ƙananan kumfa suka fara tasowa daga ƙasan ramin, ɗaya bayan ɗaya. Haka ya wuni. Haka ya sake wuni. Ruwan ya ƙafe ya ƙara, ya yi baƙi ya tsane da tsumma ya sake sabo. Masu kawo gyara ya ce su dawo wani mako, kuma ba da tsawa ya faɗa ba, abin da ya sa unguwa ta fara cewa Baba ba shi da lafiya. 'Yan zumuntar mata suka zo yi wa Juliana addu'a, suka wuce shi a rumfa yana kallon kumfa, suka ce wayyo, aikin ne ke ɗebe masa kewa.

Yana zaune yana shari'a da kansa, shi ne mai ƙara, shi ne wanda ake ƙara. In ya faɗi abin da ya gani, masu yashi sun yi gaskiya ke nan, har da ƙarin gam da ba su sani ba, kuma da bakin uban za a tabbatar. Zai iya cewa laifin nasa ne, shi ya hana yaron koyo. Amma wa zai riƙe wannan? Abin da za a riƙe shi ne Friday ya manna noti da gam ya ɗauki mutane a jirgi. Da shi Debby za ta girma. In kuma ya yi shiru, to shi da bai taɓa yi wa ƙarfe ƙarya ba zai fara da furfura, a kan mutumin da ya zauna a bencin makokin ɗansa. Bai gama yanke hukunci ba kumfar ta daina tasowa. Ya sa allura, ta shige har ƙasa ba abin da ya tare ta.

Ya wanke ramin. Ya ɗauki wuƙa ya kankare gam ɗin da ke ƙarƙashin kan notin, ya goga shi a ƙasa, ya jiƙa shi da ruwan gishiri ya bar shi ya kwana ya yi ja.

Malam Zakariyya'u ya zo da ɗaya daga cikin leburorin, Charity na biye da su. Baba Fita ya nuna musu robar famfon, ya ce su duba, sabuwa ce, an sa ta daidai; wannan gaskiya ne. Ya ɗora kan notin a tafin Malam.

"Ga abin da ya kashe ɗana. Tsatsa ta ci shi ta ciki, ya karye suna kan ruwa. Ba mai iya gani daga waje."

Malam Zakariyya'u ya juya shi, ya yi salati a hankali, ya miƙa wa leburan. Leburan ya sunkuyar da kai ya ce a yafe musu, ba su sani ba. Ba wanda ya nemi ganin sauran guntun. Baba Fita ne ya faɗa, magana ta ƙare. Kafin la'asar labari ya kai bakin kogi, mutanen da suka ce ganganci su ne suka koma cewa dama su sun san Friday ba ya wasa da aiki.

Da suka tafi Charity ta tsaya. Ta durƙusa a bakin rumfa, ba ta shiga ba, don ita ma ta san doka. Kuka take, amma fuskarta a sake, rabon da a gan ta haka tun kafin Agusta. Ta yi masa godiya har ya rasa inda zai sa idonsa. Sannan ta kwance bakin zaninta ta fito da wani abu a naɗe cikin takardar siminti.

"Baba, akwai saƙon da na riƙe, ban san yadda zan ba ka ba. A aljihun wandonsa na coci na samu. Ya ce mini wai ya ɗauki wani ƙarfenka ya karye masa. Ka ga wahalar da ya sha? Duk ranar da ba lodi sai ya tsallaka kasuwar Panteka, rumfa rumfa, ana ce masa an daina irinsa. Satin da abin zai faru ya samu wajen wani tsoho. Murna kamar an ba shi mota. Ya ce ran Lahadi in mun zo, ni in ja ka da hira, shi ya lallaɓa ya mayar."

Ya warware takardar. Kwata inci ne, tsohon yayi, na gaske, an shafa masa mai. Yaron bai san cewa ramin na milimita ne ba, amma ya san abin da ya ɓata a akwatin ubansa, kuma shi ya yi ta nema wata da watanni, yana hawa ruwa kullum da noti uku.

"Ya gaya miki a ina ya karye?"

"A'a. Wani aiki dai ya ce."

"Me ya hana shi zuwa ya faɗa mini? Aikin wuni biyu ne, 'yata. Da alif ake cirewa. Alif na kicin."

Charity ta share ido da gefen ɗankwalinta, har ta ɗan yi murmushi, irin wanda ake yi in an tuna halin wanda ya tafi. Ba da nufin komai ta faɗa ba.

"Haba Baba. Wa zai iya zuwa ya ce maka ya karya?"

Ta tashi ta shiga gida wajen Juliana, yana jin muryarta tana ba da labarin yadda leburan ya roƙi gafara. Shi kuwa yana nan zaune a kan bencinsa da abin a hannu, har mai injin niƙan nan da suka daina gaisawa ya zo wucewa, ya ga dattijo yana kuka a fili da rana tsaka, ya rasa ko ya gaishe shi ko ya wuce.